Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Ƙara a Wajen Fanbel ɗin Mota

Da sanyin asuba a lokacin hunturu, in ka tsaya a tashar Gumel ranar Alhamis ana lodin 'yan kasuwar Maigatari, da wuya ka bar wurin ba ka ji ƙarar fanbel ba. Direba ya murɗa makulli, inji ya tashi, sai wani ƙiiii mai shiga haƙora ya biyo baya. Bayan minti ɗaya ta yi shiru, direba ya ce ai sanyi ne, ya ci gaba da ɗaure kaya. Wani kuma ya zaro guntun sabulu ya goga wa bel ɗin, wani ya ɗiga masa man birki.

Na daɗe ina gyaran mota a wannan yanki, kuma babu aikin da ke ƙona mini rai kamar motar da aka janyo da igiya, inji ya tafasa, gaskit ya ƙone, in tambaya a ce mini ai ta fi sati uku tana wannan kukan. Ruwa ba ya tsami banza. Bel ne ke ihu, amma sau da yawa ciwon a jikin wani yake, kuma aikinka shi ne ka gano wane ne.

Abin da ya kamata ka sani kaɗan ne. Fanbel yana ɗauko ƙarfi daga babban fulin da ke ƙasan inji, wato faifan ƙarfen da bel ke hawa kansa, ya kai wa altaneta mai cajin batir, da famfon sitiyari, da kwamfuresar iyakwandishan, a motoci da yawa har da famfon ruwa. Ƙara kuwa ta hanya uku take zuwa: ko bel yana zamewa a kan fuli, ko yana hawa fuli a karkace, ko kuma boris ɗin ɗaya daga cikin abubuwan da yake juyawa ya bushe, wato zoben nan mai 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke sa abu ya juya sumul.

Kayan da za ka tanada

- Sifanu: motocin Japan sun fi cin 10, 12, 14 da 17, na Jamus da Faransa kuma sun fi cin 13, 16 da 17.
- Doguwar sukudireba mai mariƙin roba ko katako. In babu, guntun tiyo mai tsawon kamu biyu.
- Gorar roba da ruwa mai tsabta, a huda murfin da ƙusa. Ledar fiya wata da aka huda da allura ma ta wadatar.
- Tocila ko fitilar waya, da alli.
- Rular ƙarfe, ko kowane ƙarfe miƙaƙƙe da ka tabbatar bai lanƙwashe ba.
- Tsumma, tsohon buroshin haƙori da ɗan garin sabulun wanki.
- Ƙotar guduma ko wani icce mai ƙwari.
- Mitar gwada wuta, in kana da ita. In babu, mai wayarin zai gwada maka.

Kafin ka kusanci inji mai aiki, tuɓe babbar riga, ka ajiye hirami da carbi, ka naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Ina nanata wannan ne domin irin suturarmu mai faɗi ce, bel kuwa in ya cafki bakin riga ba ya saki, da hannun yake tafiya. Ja birkin hannu, ka cire giya, ka sa dutse a taya. Fankar lagireto mai aiki da wuta tana iya tashi da kanta ko da inji a kashe yake in yana da zafi. Yaran da ke taruwa kallo kuma a matsar da su baya.

1. Saurara tukuna, kada ka taɓa komai

Rabin aikin a kunne yake. Ka lura da irin ƙarar da lokacin da take zuwa.

Doguwar ƙara mai kaifi, ƙiiii, wadda ke zuwa da an tayar da inji ko an taka totur ko an murɗa sitiyari, yawanci zamewa ce. Bel ya saki, ko ya goge, ko wani abu ya yi masa nauyi.

Gajeriyar tsuwa mai maimaituwa kamar kukan gyare, wadda aka fi ji in mota tana silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, kuma saurinta ke ƙaruwa da saurin inji, ta fi nuna bel yana hawa fuli a karkace.

Gurnani, ko ƙarar ƙarfe yana cin ƙarfe kamar ana niƙa tsakuwa, wannan boris ne. In kuwa wani irin ƙugi kake ji da an juya sitiyari, duba man sitiyari kafin ka zargi bel, domin famfon yana kuka in mansa ya yi ƙasa.

In motar ba taka ba ce, tambayi mai ita: yaushe ta fara? An shiga ruwa da ita? An canza altaneta ko famfon ruwa kwanan nan? Ƙarar da ta fara washegarin gyara, a wurin gyaran za ka same ta.

2. Duba bel da inji a kashe

Zare makulli ka sa a aljihu. Haska tocila ka bi bel ɗin ciki da waje.

Bel iri biyu ne. Akwai siriri mai ciki kamar harafin V, irin na Peugeot 504 da tsofaffin akori-kura, akwai kuma mai faɗi mai layi-layi a cikinsa, irin na Corolla, Sienna da yawancin motocin yanzu. Siririn da gefunansa yake riƙe fuli. In ya cinye har ya nutse yana taɓa gindin ramin, za ka ga gindin ya yi sheƙi, kuma duk ɗaurin da za ka yi masa ba zai hana shi zamewa ba.

Abin da kake nema: tsagewa, ɓallewar roba, zare a gefe, da ƙyalli. Bel mai lafiya baƙi ne mai ɗan kaushi. In ya yi sumul yana sheƙi kamar an goge takalmi, zafin zamewa ya riga ya gasa shi. Zare a gefe ɗaya kaɗai alama ce yana gogar bakin fuli.

Ga kuskuren da ko makanikai ke yi. Robar bel ɗin zamani mai layi ba ta cika tsagewa ba, cinyewa take yi a hankali kamar tayar mota. Sai ka ga bel babu tsaga ko ɗaya amma ya gama aiki, ramukan layinsa sun yi faɗi, tsinin fuli yana taɓa gindinsu. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin ƙauye suna hanzarta wannan ƙwarai, domin kamar sanfefa suke tsakanin bel da fuli. In kana shakka, ɗora shi kusa da sabo ka kwatanta layukan.

Sannan shafa yatsa. In ka ji maiƙo, bi sawunsa zuwa sama. Baƙin mai yakan fito daga sil, wato robar da ke tare mai a bayan babban fuli, ko daga murfin saman inji, man sitiyari daga tiyonsa, ruwan lagireto kuma daga famfon ruwa, inda yakan bar wani busasshen fari-fari ko tsatsa a ƙarƙashin famfon. Sabon bel a kan injin da ke yoyo asarar kuɗi ce, sai an toshe yoyon.

Leƙa ramukan fuli ma. Na sha zaro ƙaramar tsakuwa, busasshen taɓo, har da guntun kara a lokacin kaka, kuma daga nan ƙarar ta ɗauke.

3. Gwada taurinsa

Nemi inda bel ya fi tsawo tsakanin fuli biyu, ka danna tsakiya da babban yatsa da ƙarfi, kimanin nauyin kilo 10. In ya lotsa kamar santimita 1, wato wajen faɗin ɗan ƙaramin yatsanka, daidai yake. In ya lotsa ninki biyu, ya saki. Mai faɗin kuma kana iya murɗa shi da yatsu biyu: ya kamata ya tsaya in gefensa ya kalli sama. In ya kife gaba ɗaya ba tare da wahala ba, ya yi sako-sako.

Wannan gwajin na motocin da ake ɗaure bel da hannu ne. Wasu, kamar Corolla ta 2003 zuwa 2008, suna da ajasta mai ɗaure kanta, babu notin da za ka ƙara. A irin waɗannan sai ka sa sifana a jikin ajastar ka danna ta, ka sake ta a hankali. Ta tafi sumul ta dawo da ƙarfi. In tana sarƙewa, ko ta yi laushi, ko ka ga tana ta rawa sosai in inji yana silo, ita ce ta gaji. Canza bel kaɗai ba zai yi magani ba.

4. Tayar da inji ka ɗora masa nauyi ɗaya bayan ɗaya

Nan kana buƙatar mutum na biyu a kujerar direba, kai kana tsaye a gefe.

Ya kunna manyan fitilu da fankar ciki. In ƙara ta taso, wajen altaneta ne. Ya kashe, ya kunna iyakwandishan. In ta taso daidai lokacin da kwamfuresa ta kama, ko bel ɗinta ya saki ko ita kanta ta fara ƙamewa. Ya kashe, ya murɗa sitiyari har ƙarshe, amma kada ya riƙe shi a can fiye da daƙiƙa 5, domin famfon yana wahala.

Akwai abin da mutane ba su cika kawowa a rai ba, wato batir. Motar da ke ihu da safe kaɗai na 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa batir ɗinta ne ya raunana. Tayar da inji ya kwashe masa wuta, altaneta ta shiga aikin mayarwa da dukkan ƙarfinta, ta yi tauri, bel mai sanyi ya zame a kanta. A sa mita: batir mai lafiya da ya kwana yana nuna wajen volt 12.4 zuwa 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Na ga direban da ya canza bel har sau biyu a banza, ashe batir ne.

5. Gwajin ruwa

Wannan shi ne gwajin da na fi yarda da shi, kuma ba ya cin ko sisi. Inji yana silo, ƙarar tana fita, sai ka tsaya nesa kaɗan ka fesa ruwa a cikin bel, ɓangaren da ke taɓa fuli. Kaɗan ya isa, kuma kada ka watsa a cikin altaneta.

In ƙarar ta ƙaru nan take, bel yana zamewa ne, ruwan ya ƙara masa santsi. Matsalar ta tauri ce: ya saki, ko ajasta ta gaji.

In ta ɗauke ɗif na ɗan lokaci, ta dawo da ruwan ya bushe, to fuli ne ba su daidaita ba, ko kuma bel ɗin ya gasu ya bushe.

In ruwan bai canza komai ba, bar bel, nemi boris.

Ruwa kawai, ban da mai kowane iri. Ruwa zai bushe ya bar maka bel yadda yake, mai kuwa shiga robar yake yi ya kumbura ta.

6. Nemi boris da kunne

Ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin altaneta, a kan gangar jikinta da ba ta motsi, ka kanga kunnenka a mariƙin. Haka za ka yi wa famfon sitiyari, da kwamfuresa, da jikin famfon ruwa, da notin tsakiyar ƙaramin fulin da bel ke bi ta kansa, in hannu zai kai ba tare da haɗari ba. Lafiyayyen boris wani siririn shuuu yake yi. Mara lafiya za ka ji shi gar-gar-gar har cikin ƙashin kai. In wurin ya matse, ɗauki tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan kana kusanta shi da kowane fuli ba tare da ya taɓa ba. In gabanka yana faɗuwa da wannan matakin, tsallake shi, na gaba zai ba ka amsa ɗaya.

7. Cire bel ka juya kowane fuli da hannu

Kashe inji, bari ya huce. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton yadda bel ya zagaya, ko ka zana a takarda. Mai faɗin nan da ke bi ta fuli shida ko bakwai ya sha tsayar da mutum rabin yini yana neman hanyarsa. Sa alamar alli ta inda yake fuskanta, in har shi za ka mayar.

Yanzu juya kowane fuli, ka kuma jijjiga shi gaba da baya. Wanda ya ji kamar da yashi a ciki, ko yana girgiɗi, ya tafi. Ƙaramin fulin da ka wulwula ya daɗe yana gudu yana ƙara shi ma ya bushe, domin mai giris a ciki ba ya daɗewa yake tsayawa. Famfon ruwa in yana girgiɗi ko kaɗan, kada ka hau doguwar hanya da shi. Wanda ya ƙi juyuwa da hannu kuwa, shi ne ke riƙe bel yana sa shi ihu.

Wasu altanetocin, musamman na motocin dizal, fulinsu yana da kuloci a ciki: yana kamawa ta gefe ɗaya, yana saki ta ɗayan. In ya ƙame ta kowane gefe, bel zai riƙa tsalle da tsuwa, ajasta tana rawa.

8. Tayar da inji babu bel

Inji ya kasance da sanyi, kuma kada ka wuce minti 1. Fitilar batir za ta kama, ba komai. In ƙarar ta ɓace, ka tabbatar tana cikin abubuwan da fanbel ke juyawa. In tana nan, kashe inji ka duba wajen taimin bel, wanda ke ɓoye a bayan murfin roba. A Peugeot 406 da Honda da yawa, shi ne ma ke juya famfon ruwa. Wannan ba ƙarar da ake haƙuri da ita ba ce, domin a injina da dama in taimin bel ya tsinke fistin yana dukan bawul, aikin ya koma na sauke kan inji.

9. Duba daidaiton fuli

Kwantar da rular ƙarfe a fuskar fuli biyu maƙwabta. Ta zauna daram a kan duka biyun. In wani gefe ya bar rata, ɗayansu ya karkace. Abin da na fi samu shi ne notin ƙasan altaneta ya kwance ko raminsa ya cinye saboda gargadar hanya, ko an sa altanetar wata mota da aka yi wa ciko da washa. Duba kuma ko bel mai layi ya tsallake rami ɗaya a wani fuli.

Babban fulin ƙasa a motoci da yawa ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. In robar ta mutu, na waje yana zamewa a kan na ciki, kuma ƙararsa sak ta bel. Ja layin alli daga tsakiya zuwa baki, ka mayar da bel, ka tayar da inji, a kunna fitilu a taka totur sau biyu ko uku, a kashe. In layin ya rabu gida biyu, fulin ne.

10. Gyara da ɗauri

In bel za ka saya, tafi da tsohon, ko ka karanta lambar da ke bayansa. Lamba irin 6PK1200 tana nufin layi 6, tsawo milimita 1200. In lambar ta goge ko bel ya tsinke ya ɓata a hanya, zagaya igiya ta kan fulin yadda yake bi, ka auna, ka ƙirga ramukan fuli. In babu a garinku har sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, rubuta wa ɗan aiken lambar a takarda, kada ka ce masa kawai na Golf, domin Golf ɗin ma mai iyakwandishan da marar shi tsawonsu ya bambanta. Ni ba na sa bel ɗan Beljiyam, wato na hannu. Altaneta ko famfo na hannu suna iya yin kyau, amma roba tsufa take yi ko a ajiye take. Motar da ke da bel tagwaye a fuli ɗaya kuma, tare ake canza su.

Wanke ramukan fuli da buroshi da ruwan sabulu, ka ɗauraye, su bushe sarai. Sassauta notin ƙasa da na sama na altaneta, ɗora bel, ka tura altanetar da ƙotar guduma. Kada ka sa ƙarfen cire taya, jikinta na alminiyam ne, yana fashewa. Ɗaure na sama, ka gwada da yatsa, sannan ka ɗaure na ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaure bel tamau kamar tsirkiya don a kashe ƙara. Ƙarar za ta tafi, amma boris ɗin altaneta da na famfon ruwa su za su biya, ka yi gyaran gangar Auzinawa. Sabulu, kyandir, man birki da baƙin mai su ma shiru na awa ɗaya suke saya maka, sannan su tara ƙura su lalata robar.

Bar inji ya yi aiki minti 10, ka kashe ka sake gwada taurin, domin sabon bel yana zama. Bayan kwana biyu ko uku ka sake dubawa.

In ya tsinke maka a hanya

Za ka ga fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi farat ɗaya. Sauka gefen titi ka kashe inji. In bel ɗin nan ne ke juya famfon ruwa, kamar a wasu Golf 3 masu fetur da Corolla da na ambata, 'yan mintoci kaɗan sun isa inji ya tafasa, don haka kada ka ce bari in ƙarasa Ringim ko Gezawa. Kada kuma ka buɗe murfin lagireto da zafi. Masu tsohuwar Hiace mai dizal su ƙara kula, domin famfon da ke taimakon birki a bayan altaneta yake. Bel yana tsinkewa, bayan taku biyu ko uku birki zai yi tauri kamar dutse, ga mota cike da mutane.

In na iyakwandishan ne kaɗai ya tsinke a motar da ke da bel daban-daban, zare guntayen ka ci gaba da tafiya. Tsohon bel da ka cire tun bai mutu ba, wanke shi ka naɗe a leda, ka ajiye a but tare da sifanun da ke kwance altanetar motarka.